Amsa ga mai tambaya kan haɗa tsohuwar bindigar soja daga kit a Amurka

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bari in ɗan maimaita tambayar saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce kana yawan cin karo da bidiyon Amurkawa a YouTube, mutum zai buɗe kwali cike da tarkacen tsohuwar bindigar soja duk giris ya bushe a jiki, kafin minti ashirin sai ga shi a fili yana harbi da ita, shine kake son ka san daga ina kayan suke fitowa, da gaske gwamnatinsu ta yarda, ya fi sayen sabuwa arha ne, sannan ta ƙarshe wadda na san ita ce a ranka tun farko, idan mutum yana gida Najeriya ya samu mai turo masa zai yiwu?

Toh ni dai a Texas nake zaune shekara ashirin da 'yan kai, sana'ata yankan ƙarfe a kan inji, kuma tara tsoffin bindigogin soja ne ya cinye kuɗin da ya kamata a ce na ƙarasa ginina na Kano, uwargida har yau in an taɓo zancen sai ta yi tsaki. Abin da zan faɗa maka na taɓa shi da hannuna. Amma tun yanzu in gaya maka ba zan zauna in jera maka matakai ɗaya biyu uku ba, ko a nan ma wanda ya san aikin ba ya koyar da shi a rubuce ga mutumin da bai taɓa gani ba, in ka karanta zuwa ƙasa za ka ga dalili.

Abin da masu bidiyon ba sa tsayawa su yi bayani shine, abin da ke cikin kwalin nan ba bindiga ba ce. Ka san yadda ake yanka mota biyu a Turai a loda a kwantena a shigo da ita a matsayin kayan gyara, ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tarar da gaban mota da injinta da giyarta da fitilunta lafiya lau, amma ba wanda zai ce maka wannan mota ce? To haka kit yake, wato kayan da ke cikin kwalin nan. Kowace bindiga tana da wani ƙarfe guda ɗaya da ake ɗora komai a kansa, bututu a gaba, sakata tana kai-komo a ciki, su suna ce masa risiba, ni ina ce masa uwar bindiga. Uwar nan ita ke ɗauke da lamba kamar lambar shasi a mota, kuma a dokar tarayyar Amurka ita ce bindiga, sauran duk ƙarafa ne da katako. Kafin a bar kayan su shigo ƙasar dole a lalata ta, hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a Amurka ce ke da ƙa'idar, a yanka ta da wutar walda a karkace wuri uku, kowane yanka ya narkar da aƙalla kwatan inci na ƙarfe. Saboda haka in ka buɗe kwalin za ka ga gindin katako, mariƙin hannu, sakata, sifirin iri-iri, gidan kunama, sai wasu ƙonannun gutsattsarin ƙarfe baƙi ƙirin a ƙasan kwalin. Waɗannan gutsattsarin su ne abin da ya rage na bindigar.

Wace irin bindiga ake magana ma? Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasashen NATO suka ce a samu harsashi ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi. Ingila ta so wani matsakaici da ake ce wa .280, Amurka ta kafe sai babba, kuma ka san mai kuɗi shi ke da magana, a 1954 aka tsaya kan 7.62x51. Bindigogin da aka ƙera don wannan harsashin su ake nufi, dogaye masu nauyi, kilo huɗu da wani abu ba harsashi a ciki, magazin mai cin 20. Uku ne suka yi suna, FAL ta Beljiyam, G3 ta Jamus, da M14 ta Amurka.

FAL ita ce sarauniyar wannan harkar ta kit. Wani injiniya Dieudonné Saive ne ya jagoranci ƙera ta a kamfanin FN da ke Herstal kusa da Liège. Abin dariya, mu a gida in an ce kayan Beljiyam ana nufin na hannu, to wannan kam Beljiyam ce ta kowace fuska. Ƙasashe sama da 90 sun riƙe ta, da yawa kuma da lasisi suka riƙa ƙera tasu: Kanada, Ingila da ta kira tata L1A1, Ostireliya a masana'antar Lithgow, Ostiriya ta Turai da kamfanin Steyr ya yi mata StG 58, Brazil ta kamfanin Imbel, Ajantina, Afirka ta Kudu da R1. A yaƙin Falkland na 1982 sojan Ingila da na Ajantina bindiga iri ɗaya suka riƙa harbin juna da ita, sai dai ta Ingila ɗai-ɗai kawai take harbi, ta Ajantina tana iya zubarwa. Ita kuwa Amurka da ta tilasta wa kowa harsashin, ta gwada FAL da sunan T48 sannan ta ce a'a, a 1957 ta ɗauki tata M14, kuma ko shekara goma ba a yi ba ta ajiye ta a Vietnam ta koma M16 mai ƙaramin harsashi, wato ta dawo kan maganar da Ingila ta faɗa tun farko.

Labarin G3 ma yana da daɗi. Jamus ta Yamma ta sayi FAL guda 100,000 a 1956 ta sa mata suna G1, sai ta nemi lasisin ƙerawa a gida, Beljiyam ta hana, mutanen da Jamus ta mamaye sau biyu cikin shekara talatin ai ba za su miƙa mata wuƙa da hannunsu ba. Shine Jamusawa suka juya Sifen, inda injiniyoyinsu na tsohon kamfanin Mauser irin su Ludwig Vorgrimler suka riga suka ƙera wata mai suna CETME, aka gyara ta, kamfanin Heckler & Koch ya fara yin ta a matsayin G3 daga 1959. Daga baya Portugal, Pakistan, Iran, Turkiyya, Girka, Norway duk suka riƙa yin tasu.

Mu ma ba baƙinmu ba ne. Sojan Najeriya ya riƙe FAL ya riƙe G3, kuma DICON, masana'antar ƙera makaman soja da aka kafa a Kaduna a 1964, ta yi aikinsu da lasisi, FAL ɗinmu NR1 aka sa mata. Kawuna Allah ya jiƙansa ya yi yaƙin basasa, bai taɓa cewa FAL ba, Ef-En yake ce mata, kuma kullum ƙorafinsa ɗaya ne, nauyi da tsawo a cikin dajin kudu. Wlh dalilinsa ne na fara wannan harkar, so nake in riƙe irin abin da ya riƙe.

To ta yaya suka zama gwanjo? Duniya ta koma ƙaramin harsashi 5.56. Ostiriya ta ɗauki AUG a ƙarshen shekarun 1970, Afirka ta Kudu ta koma R4, Ingila ta fara karɓar SA80 a 1985, Jamus ta koma G36 a 1997, ga kuma yaƙin cacar baka ya ƙare kowa yana rage soja. Rumbuna suka cika da bindigogin da ba mai so, wasu ma ba a taɓa harba su ba sai gwajin masana'anta. Gwamnati ko ta narkar ko ta sayar wa dillali, shi kuma dillali ya san kasuwar farar hula mafi girma a duniya Amurka ce. Sai dai a cike ba za su shiga ba, kuma nan ne doka ta shigo.

Gaskiyar magana wannan sha'awar ta haɗa kit dokar Amurka ce ta haife ta, ba don ita ba da ba wanda zai wahalar da kansa. Dā can kafin 1968 tsohuwar bindigar soja ta gidan waya ake saya kamar littafi, wadda aka kashe shugaba Kennedy da ita a 1963 tsohuwar Carcano ce ta sojan Italiya da aka yi odarta ta wasiƙa. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, aka yi dokar da ta hana wannan, ta kuma ce bindigar da za a shigo da ita daga waje sai wadda ta dace da wasa ko farauta. A 1986 aka rufe rajistar bindigogi masu zubar da harsashi ga farar hula, duk wadda ba a yi wa rajista ba kafin 19 ga Mayu na shekarar shikenan. Kuma ATF tana da wata ƙa'ida, uwar da aka ƙera don zubarwa ko me ka cire mata tana nan a matsayin mai zubarwa har abada, wannan ne ma babban dalilin da ya sa ake yanka su, shi ne kuma ya sa ba za ka ga ainihin M14 ta soja ana sayar wa mutane a matsayin gwanjo ba. Sai Janairun 1989 wani ya shiga makarantar firamare a Stockton ta California ya kashe yara biyar da bindiga ƙirar AK da aka shigo da ita, gwamnatin Bush babba ta hana shigo da iri 43 na bindigogi masu siffar soja, FAL da 'yar uwar G3 ta farar hula suna ciki. 'Yan kasuwa suka ce toh, ba za mu shigo da bindiga ba, kayan gyara za mu shigo da su. Majalisa ta gane wayon, a 1990 ta ƙara sashen da kowa a harkar ya haddace, 922(r), wanda ya hana ka haɗa a cikin gida abin da aka hana shigowa da shi. Yadda ake aiki da shi, akwai jerin sassa 20, bindigar da ka haɗa kada ta ɗauki fiye da 10 na waje daga cikinsu. A FAL wannan na nufin sai ka cire wajen sassa bakwai na asali ka sa ƙirar Amurka. Ka ga abin mamaki, kunama ƙirar Steyr mai kyau kamar agogo ka cire ta ka jefa a durowa ka sa wata da ba ta kai ta ba, bindigar ba ta ƙara ko rage haɗari ba ko kaɗan, amma a takarda yanzu ta zama 'yar ƙasa. Ni dai a ganina dokar nan ba ta da kan gado, amma doka ce, ina bi. A 2005 kuma ATF ta daina ba da izinin shigo da bututun irin waɗannan bindigogin, shi ya sa kit ɗin da suka shigo bayan nan yawanci ba bututu ko an lalata shi, waɗanda suka shigo kafin nan da bututunsu na asali suka zama zinariya.

Ita uwar fa? Sabuwa ake saya, wadda aka ƙera don harbi ɗai-ɗai kawai, an yi ta yadda kayan zubarwa ba za su zauna a ciki ba. Kamfanin DSA na Illinois shi ya fi suna a ta FAL, dā kuma akwai ta Imbel da ake shigowa da ita daga Brazil. Kuma sayenta daidai yake da sayen bindiga cikakkiya, sai ta hannun dila mai lasisin tarayya, ka cike fom 4473, a bincika sunanka a tsarin FBI, in kana da tabon babban laifi ba ka samu. Wannan ɓangaren ne ba a nunawa a bidiyo saboda ba daɗin kallo. Wanda kuma ya ce zai liƙe yankakkun gutsattsarin nan ya dawo da uwar asali, ya ƙera mai zubarwa ba rajista kenan, ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tarar da za ta iya kai dala 250,000. Sannan dokar tarayya daban ta jiha daban, abin da nake ajiyewa a Texas lafiya lau, a California tun 1989 an ambaci FAL da sunanta a cikin haramtattu, New York da New Jersey da Illinois ma kowacce da nata takunkumin.

'Yan uwanmu da ke nan su ji wannan da kyau: mai bizar karatu ko ta ziyara asali dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi sai da wasu 'yan keɓance-keɓance, mai girin kad da ɗan ƙasa su ne ke da dama. Kada wani ya ga abokinsa Ba'amurke yana yi ya ce shi ma, takardun zamansa zai jefa a wuta.

Yanzu aikin kansa. Mutane suna ɗauka kamar haɗa gadon katako ne, ka sa wannan a wancan ka ɗaure noti. Rabin sassan haka ne kam, yaro ma zai iya. Amma akwai wuri ɗaya da ran mutum yake, kuma ido ba ya ganinsa. Lokacin da ka ɗana kunama, a cikin ɗakin harsashi ana samun matsin da ya haura fam 50,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma fuskarka tana bayan wurin da abin da bai kai taƙi ɗaya ba. Abin da ke tsakaninka da wannan wutar kwanson tagulla ne siriri, sai sakatar da ta tokare shi ta baya. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda kafaɗar harsashi ke tsayawa a cikin bututu, ita suke ce wa hedsifes, kuma bambancin daidai da ba daidai ba kaurin gashin kai ne guda biyu ko uku. In ta yi yawa kwanso ya miƙe ya tsage, wuta da gutsattsarin tagulla su dawo baya. In ta yi kaɗan sakata ba za ta rufe sosai ba. A masana'anta kowace bindiga an daidaita mata wannan tazarar da uwarta da bututunta da sakatarta, ranar da aka yanka uwar wannan daidaiton ya mutu, sabuwar uwa sabon awo. Ana auna shi da wasu ƙarafa na musamman masu siffar harsashi, kuma mai hankali ko ya auna da kansa sai ya kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya sake aunawa.

Ni a jikina na koya. Shekarun farko na je wata kasuwar baje kolin bindigogi na ga FAL da wani ya haɗa a garejinsa, fenti sabo tana ƙyalli, farashi mai sauƙi, mutumin yana ta rantsuwa ya harba ɗaruruwa da ita. Na saya. A filin harbi kwanson farko ya fito da wani farin zobe kusa da gindinsa, ban san ma'anarsa ba a lokacin, na ci gaba, na uku ne ya rabe biyu, gindin ya fito sauran ya maƙale a ciki, na ji wani zafi ya daki kumatuna, gilashin kariya ne ya ceci idona. Wani dattijo da ke gefena ya ɗauki kwanson farko daga ƙasa ya duba ya ce min kada in ƙara ko ɗaya. Da na kai wa maƙeri, ƙarfen awon da bai kamata sakata ta rufu a kansa ba sam, ta rufu a kansa salin alin ba ko gardama. Kuɗin gyaran ya cinye duk arhar da nake murna da ita. Tun daga ranar in mutum ya ce min bindigar haɗin gida ce tambayata ta farko wa ya auna ta.

Akwai kuma rikicin inci da mita. Ingila, Kanada da Ostireliya da suka karɓi zanen FAL sai suka mayar da awon zuwa inci suka kuma yi nasu canje-canje, sauran duniya suka tsaya a kan mita. Daga nesa iri ɗaya ne, a hannu kuwa sassa da yawa ba sa shiga juna, magazin ɗin mita yakan zauna a ta inci amma na inci ba ya shiga ta mita. Dillalai kuma ba ruwansu, sukan zuba sassan ƙasashe uku a kwali ɗaya su ce maka kit ne, sai ka zo haɗawa ka ga kana riƙe da 'yar Brazil mai gindin Ingila. G3 da CETME kuwa wata duniya ce daban, jikinsu falanki ne da aka lanƙwasa aka yi wa walda, ba sa aiki da hayaƙin harsashi kamar yadda FAL ke yi, wasu 'yan ƙananan rola biyu ne ke jinkirta buɗewar sakata, aikinsu na buƙatar injin matsi da mai walda na gaske, kuma in kit ɗin ya sha wuya a hannun soja rolar da mazauninsu sun riga sun cinye. Ina da CETME ɗaya, ita ce ta fi ba ni ciwon kai a duk abin da na mallaka, ga ta da wurgi da kwanso har layin maƙwabci, duk ya fito da baƙaƙen zane a jiki.

Maganar arha kuwa, dā ne. Farkon shekarun 2000 kit ɗin Imbel da dala ɗari da wani abu ake samu, na Ostiriya ya ɗan fi haka, da bututunsa mai sheƙi, harsashin gwanjo ma a lokacin kamar kyauta. Wannan zamanin ya wuce. Rumbunan sun ƙare, ƙasashe da yawa yanzu narkarwa suke yi maimakon sayarwa, yau kit mai kyau da bututun asali in ka same shi ya haura dala dubu, ka ƙara uwa, ka ƙara sassan Amurka na cika doka, ka ƙara kayan aiki ko ladan maƙeri, in ka yi lissafi sabuwar DSA ko ta kamfanin PTR mai yin irin G3 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga garanti. Wanda kuma kawai tsohuwar bindigar soja ta gaske yake so ba haɗe-haɗe, akwai shirin CMP da ke sayar wa 'yan ƙasa M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu da na Koriya a cike da uwarta ta asali, tunda ita dama ɗai-ɗai take harbi.

To me ya sa har yanzu muke yi? Saboda abin da ke jikin kayan. Sabuwa ba ta da labari. Kit ɗin da ya fito daga kudancin Afirka za ka gan shi da ragowar fentin kore da rawaya da sojan Rhodesia suka shafa da buroshi a yaƙin dajin shekarun 1970, mummuna ne ƙwarai amma masu tarawa suna biyan ƙari a kansa, wanda ya kankare shi ya yi sabon fenti ana kallonsa kamar ya yi saɓo. Na Ingila za ka ga wasu tsagogi a karkace a jikin abin da ke ɗauke da sakata, an yi su ne don yashi ya samu wurin fita. G1 da Jamus ta sayar wa Turkiyya sun iso nan a gajiye, katako duk ya sha hannu. A gindin L1A1 ɗina akwai lambar rak, wato lambar mazauninta a ma'ajiyar makamai, da aka rubuta da farin fenti da wasu haruffa biyu da wani ya sassaƙa da wuƙa, wani yaro ne mai gadi cikin dare ya rasa abin yi. Na kwana biyu ina cire tsohon giris ɗin ajiya daga jikin katakon, in ka sa shi a rana sai ya riƙa tsattsafowa kamar man shanu, ka goge gobe ya sake fitowa, amma haruffan ban taɓa su ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma a nan ba wasa. A'a, ba zai yiwu ba, kada ma ka fara. Duk abin da na faɗa a sama yana tsaye ne a kan dokar Amurka da ta ce uwa ce kaɗai bindiga, wannan rarrabewar ba ta bin ka zuwa Apapa ko filin jirgin Kano. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashi 7.62 a sahun haramtattu da ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, ta hana ƙerawa da haɗawa ba da izini ba, ta hana shigowa da su, kuma hukuncin waɗannan ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai da ta haɗa har da sassansu. Ta ɓangaren mai turowa ma, fitar da sassan bindiga daga Amurka ba lasisin gwamnati babban laifi ne na tarayya, kuma an sha ɗaure mutane a kan ɓoye su cikin motoci da kwantenar kaya zuwa Afirka ta Yamma. Sau biyu ana yi min irin wannan maganar daga gida, ɗaya har da cewa ai sifirin ne kawai da ƙananan ƙarafa in sa a cikin injin mota, na ce masa ya nemi wani. Kuma ban da doka, ni ɗan Arewa ne, ina da dangi a Zamfara da Katsina, na san abin da bindiga ɗaya ke yi in ta bar hannun wanda ya ce don kare kai ya saya.

In sha'awar ƙarfen ce da tarihin ke damunka, gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia, akwai makaman yaƙin basasa a ajiye har da waɗanda Biyafara ta ƙera da kanta. In kuma aikin hannun ne, ka koyi injin yankan ƙarfe da awo da maikuromita, wato na'urar auna kaurin ƙarfe, a kwalejin fasaha, shine dai ilimin da ake nema a wuri irin DICON, kuma ni shi ya kawo ni nan ya ciyar da ni shekara ashirin. Kawun nawa kafin ya rasu na tura masa hoton L1A1 ɗin a waya, aka nuna masa, ya daɗe yana kallo sannan ya ce a tambaye ni ko har yanzu tana da nauyin nan.